Ƙwarya Kafin Wuta

A gidanmu na Adarawo, inda aka haife ni, ba a ba yarinya ƙarfen zane sai ta daɗe tana hura wuta. Haka aka koya wa mahaifiyata, haka ta koya mini. Mai koyo takan zauna gefen kasko da mafici, ta kula da garwashi, ta miƙa wa gwana ƙarfen da ya yi ja, ta karɓi wanda ya huce. Sai idonta ya san zafin ƙarfe daga launinsa, sannan a ba ta sakaina ta gwada jan layi. Da aure ya kawo ni Nassarawo a Jimeta, na zo da kaskona da ƙarafana, na ci gaba da ƙona zane a jikin ƙwarya ina sayar wa masu haɗa kayan ɗaki.

Shekarar da mutane suka yi ta kwararowa daga Mubi da Michika da Madagali suna gudun hijira, ɗana na fari yana tuƙa keken haya mai ƙafa uku. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ban kira ba yana raye, ba kuma zan rubuta a nan ba. Wata rana da la'asar ya shigo ya ce, “Dada, na kawo miki baƙi.” A bayansa akwai wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka, da yarinya siririya da ba ta kai budurci ba. Ya ce tun safe yake wuce su a bakin tasha, ba su motsa ba, da ya tambaye su inda za su, tsohuwar ta ce nan ɗin ne. Mahaifinsa ya ba su ɗakin da muke ajiye hatsi.

Mutanen kan dutse ne, kiristoci, yarensu daban. Tsohuwar kakar yarinyar ce. Hausarta kaɗan ce, tawa kuma ta Yola ce, amma mun fahimci juna. Takan kira ni Maman mai keke.

A daren farko muka gane akwai abin da ke damun yarinyar. Ina hura murhu, sai ta miƙe ta tafi ƙarshen tsakar gida, bayan randunan ruwa, ta juya fuska ga katanga. Da hayaƙi ya kai wurinta ta yi amai. Abinci mai zafi ba ta taɓa shi, sai ya huce sarai, ko a jiƙa mata gari. Kakar ta gaya mini dalili a taƙaice. An sa wa gidansu wuta, yarinyar tana cikin dawa tana gani, uwarta da ƙannenta suna ciki. Ban sake tambaya ba.

Bayan wasu watanni bam ya tashi a kasuwa, ɗana yana wurin yana jiran fasinja. An yi masa sutura a ranar. Na zauna karɓar gaisuwa kamar yadda aka san uwar ɗan fari tana yi, ido a bushe. Na tura kasko da ƙarafa ƙarƙashin gado, ban sake duba su ba.

Muna zaune da goggon mijina, wadda duk unguwa ke kira Goggo. Ita ma gwanar ƙwarya ce kafin idonta ya yi rauni, kuma har na yi furfura ba ta daina ce mini amarya ba. Ita ta ce abin da ke jikin yarinyar iska ce, a yi mata hayaƙi. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, don haka ake yi wa duk wanda ya firgita. Kakar ta yarda, ta ce an yi addu'a a coci har an gaji. Aka zuba garwashi a wani kasko, aka barbaɗa magani, aka lulluɓe yarinyar da zane. Ban san tana da ƙarfi haka ba. Ta ture mu duka, ta fita titi ba ɗankwali ba takalmi, sai a wajen Bekaji wani mai shago ya tare ta. Da aka dawo da ita ta yi kwanaki ba ta ce wa kowa komai ba.

Kakar tana tari tun zuwansu, ƙafafunta kuma sun fara kumbura. Wata safiya muna tsince shinkafa ta ce, “Maman mai keke, ni na kusa. Yarinyan nan ba ya iya zama kusa da wuta. In na mutu wa zai riƙe shi? Mace da ba ya dafa ko ruwan zafi, ina zai zauna?”

Na ce, “Tana nan wurina.”

Ta ce, “Ke ma za ki mutu.”

Gaskiya ta faɗa. Muka ci gaba da tsince shinkafar.

A lokacin kusan kowane gida a layinmu akwai baƙi, yaransu kuwa ba makaranta. Wata maƙwabciyarmu da ke aiki a asibitin unguwa ta ce mini yaran nan ba magani suke nema ba, a ba hannunsu abin yi. Ta san ina da tarin sakaina. Sai na fara shimfiɗa tabarma da hantsi, in zube sakaina da alli, yara su zo su yi ta zane. Wasu sukan zana babura da bindigogi, wasu awaki. Ban hana kowa ba, ban kuma tambayi kowa ma'anar abin da ya zana ba. Wanda ya gama ya goge da yawu ya sake.

Yarinyar ta daɗe tana kallo daga bayan randuna. Ranar da ta matso, ba ta ɗauki sakaina ba, ƙwarya sukutum ta ɗauka, ta ɗora a cinya tana juya ta da hannun hagu kamar wadda aka koya wa. Ta zana duwatsu jere, da gonaki hawa-hawa a jikinsu. Layinta bai karkace ba har ya zagayo ya haɗu da mafarinsa. Wanda ya san aikin ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni sai da na lalata ƙore da yawa kafin layina ya haɗu.

Na ba ta ƙaramar wuƙa ta bi allin tana sassaƙawa. Goggo ta shafa da yatsa, ta ce, “Amarya, me nake ji? Kin ba ta wuƙa ba ta taɓa riƙe mafici ba?”

Na ce, “Goggo, kin san ba za ta iya ba.”

“To ta bari. Ana hawa bishiya ta ganye ne? Uwarki da tana raye da ta karɓe ƙarafan nan.”

“Da ta karɓe. Amma ba ta ga irin wannan shekara ba.”

Goggo ta yi tsaki ta juya ga yarinyar. “Ke 'yar dutse, wannan mene ne? Mu zanenmu yana da suna. Naki kamar kaza ta yi tonon ƙasa.”

Yarinyar ta ce, a hankali, “Garinmu ne.”

Goggo ta sake shafawa, ta ce, “To garinku yana son baƙi. Farin alli na 'yan makaranta ne.”

Baƙin da ake cusawa a sassaƙa daga gindin tukunya ake kankaro shi, a kwaɓa da man shanu. Yana warin hayaƙi. Na kwaɓa na ajiye kusa da ita. Ta shinshina, ta ture. Washegari ta sa yatsa ɗaya. Da ta ga yadda duwatsun suka fito, ta sa hannu duka.

Amma sassaƙa daban, ƙuna daban. Ta ga tsofaffin ƙorena da ke jere a ɗaki, ta ga baƙinsu ya shiga jiki, ba ya gogewa ko an wanke. Ta tambaye ni yadda ake yi. Na gaya mata gaskiya, da wuta ake yi. Ta yi kwana biyu ba ta taɓa ƙwarya ba. Sannan ta zo ta ce, “Dada, in ƙarfen ne kawai, ba wutar ba fa?”

Ran nan na jawo kasko daga ƙarƙashin gado. Ƙarafan sun yi tsatsa, na goge su da yashi. Na hura gawayi a cikin madafa, na ja labule. Ita tana can bayan randuna da ƙwaryarta. In ƙarfe ya yi ja, in ɗauko in ratsa tsakar gida da sauri in miƙa mata ta wajen ƙota, in karɓi wanda ya huce in koma. Ni da na yi shekaru ana miƙo mini, na zama mai miƙawa.

Goggo tana kan kujerarta tana jin ƙarar takalmina. Ta ce, “Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, da makantata. Gwana tana yi wa 'yar koyo aike. Amarya, ki yi a hankali kada ki faɗi, ba mu da mai ɗaga ki.”

Yaran suka yi ta dariya. Ni ma na yi, karo na farko tun rasuwar.

Sai dai ƙarfe ba ya jira. Kafin in kai mata ya riga ya sha iska, layin yakan fito ja-ja, ba baƙi ba, ga shi ba ya nisa sai ya tsaya. Tana dannawa da ƙarfi, ƙwaryar tana ƙi. Ta kai wa Goggo ta shafa. Goggo ta ce, “Wannan ƙuna ce ko shafa? Ƙarfenki ya yi sanyi a hanya. Laifin ƙafar amarya ne, ta tsufa.”

Ban ce mata ta matso ba. Na yi wa kaina alkawari ba zan faɗa ba, don na ga abin da dole ta jawo ranar hayaƙi. Na ci gaba da kai da kawowa. Wata safiya na fito na tarar ta jawo tabarmarta gaban randuna. Layin ya ɗan ƙara duhu. Bayan wasu kwanaki tabarmar ta kai gindin bishiyar mangwaro da ke tsakiyar gida. A nan ta daɗe. Wani lokaci iska takan kaɗo hayaƙi, ta ajiye ƙwarya ta koma katanga, ta tsaya har numfashinta ya daidaita, ta dawo. Akwai ranakun da ba ta dawowa, mu ma sai mu tashi. Kakar tana kwance a ƙofar ɗakinsu tana kallo, in yarinyar ta koma katanga takan rufe ido.

Damina ta shigo, jikin kakar ya ƙara nauyi. Tabarma kuwa ta kai bakin madafa, labule kawai ya raba ta da kasko. Ran nan ina ciki, sai aka yi sallama a ƙofar gida, masu gaisuwa ne daga Yola da ba su sami zuwa a kan lokaci ba. Na fita na bar ƙarafa a wuta. Gaisuwar ta ja, suka ambaci yaron, suka faɗi alherin da ya taɓa yi musu, na zauna ina amsawa. Da na raka su na dawo, sai na ji ƙarar mafici.

An ɗage labulen. Tana tsugune gaban kasko, fuskarta a kawar gefe, hawaye yana zuba, amma tana fifitawa. Garwashin ya yi ja. Ta zaro ƙarfe da kanta, ta duba launinsa, ta mayar, ta ƙara fifitawa. Na tsaya inda nake. Da ta ja layin, ƙamshin ƙonanniyar ƙwarya ya cika gidan, layin ya fito baƙi ƙirin tun daga farko har ƙarshe.

Ta ɗago ta gan ni, ta ce, “Wutar za ta mutu ne, Dada. Kin daɗe.”

Goggo ta ce a kawo mata ƙwaryar. Ta bi layin da farce a hankali, ta ce, “Wa ya ja wannan?”

Na ce, “Kin sani.”

Ta ce, “To. Gobe ta zauna ta hura miki, ke ki yi zane. Ta biya bashin mafici. Ba a tsallake shi, ko an fara ta baya.”

Kakar ta ɗaga hannu daga inda take kwance, aka kai mata ƙwaryar. Ta rungume ta a ƙirji tana magana da yarensu. Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma nemi a fassara mini ba. Ni dai na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kukan da ban yi ba ranar suturar ɗana na yi shi a ranar.

Kakar ta ƙara wata guda da wani abu a duniya. A cikin kwanakin nan jikarta ce take dafa mata ruwan wanka, ita take dama mata kunun gyaɗa, tana yi tana kawar da fuska. 'Yan cocinsu suka zo suka ɗauke ta da ta cika, mijina da maƙwabta suka raka su har maƙabarta.

Yarinyar ta zauna wurina har ta gama sakandare. Yanzu tana da aure da ɗiya ɗaya, suna zaune a Bekaji. Ƙorenta sun fi nawa kasuwa, masu kayan ɗaki sukan zo takanas su ce mai duwatsu suke so. Ran Asabar takan tara yara a zaurensu, marayu da waɗanda aka dawo da su daga daji, ta zube musu sakaina da alli. Har yanzu ba ta son a ƙona shara kusa da ita, kuma ba ta zuwa inda ake babbakar nama. Amma girkin gidanta ita take yi. Idona ya fara bin na Goggo, Allah ya jiƙanta, don haka in na je ba na zane. Nakan zauna gefen kasko da mafici, in ƙarfe ya yi in miƙa mata.