Motar da na sa aka sayar wa aminin mahaifina

Ni mai facin taya ne a bakin tashar Birnin Konni tun ina saurayi. Ina da rumfa, da famfon hannu, da tukunyar ruwan da nake tsoma tub in ga inda yake yoyo. Karatuna bai wuce allo da ɗan zaman lakwal, wato makarantar boko, ba, amma direbobi sun yarda da ni. In na buga taya da ƙarfe na ce iska ta isa, ba mai sake tambaya. Wannan yardar ita na ci amanarta, shi ya sa nake rubuta muku wannan, ku samari.

Da ƙaramin abu na fara. Wani dillalin tsofaffin motoci, ana ce masa Dogo, ya kawo mini taya da ta cinye ta yi sumul, ya ce ko da dabara. Na gasa wuƙa a wuta, na yanka mata sabon zane, na shafe ta da baƙin mai. Ya sayar da ita a matsayin mai sauran rai. Kwana biyu ina jin nauyi a zuciyata, daga baya na daina ji.

A shekarun fari, Dogo ya ƙetaro da wata tsohuwar akori-kura daga Najeriya. Ta taɓa faɗawa rami, ƙarfen ƙafar gaba ya lanƙwashe. In ka saki sitiyari sai ta ja hagu, kuma tana cin tayar gaba ta gefe ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne a sauke ƙarfen a canja, a daidaita ƙafafun. Dogo ya ce ba ya da lokacin wannan. Ni na kawo shawara: na rage iskar tayar dama, na cika ta hagu tam, jan ya kashe ja, mota ta miƙe kamar lafiyayya. Tayar da ta cinye kuma na yi mata zanen wuƙa.

Wanda Allah ya kawo ya saya shi ne Baba Shaibu, manomin albasa daga Badagishiri, aminin marigayi mahaifina. Gero bai yi ba a shekarar, sai ya sayar da shanunsa don ɗansa Hamidu ya riƙa kai albasa da fasinja kasuwanni. Rumfata ya fara zuwa.

Ya ce, “Ɗana, ni jaki na sani, ban san mota ba. Taho ka duba mini, abin da ka ce shi za ni yi.”

Muka hau, Hamidu na tuƙi. A kan hanya ni da bakina na ce ya saki sitiyari ya gani. Ya saki, mota ta tafi sak. Ya yi dariya ya ce, “Baba, wagga ko amarya ba ta kai ta ladabi ba!” Da muka tsaya, tsohon ya kama hannuna ya ce, “Tsakaninka da Allah, lafiya take?” Na ce lafiya lau. Ban iya kallon idonsa ba, sai na duƙa ina buga taya.

Na yi niyyar in ja Hamidu gefe in ce kada ya taɓa iskar. Amma in na faɗa, zai tambayi dalili. Sai na bar su suka tafi.

Hamidu mutum ne mai kula da kayansa. Ranar da ya yi lodin farko, ya ga tayar dama ta kwanta, ya tsaya a garin Dogarawa aka cika masa ita daidai da 'yar'uwarta, kamar yadda kowane direban kirki zai yi. Jan ya dawo. Ya ci gaba yana kokawa da sitiyari, ga nauyin kaya, ga zafin rana. A gangaren shiga kwarin garinsu tayar da na yanka ta fashe, motar ta kife. Fasinjoji sun ji raunuka. Hamidu kuwa ya rasu, bai kai likita ba.

Jandarma suka ga sawun wuƙa a jikin tayar, suka zo rumfata. Dogo ya riga ya tsallake iyaka. A gaban alƙali na ce ban san da lanƙwasar ƙarfe ba, taya kawai na gyara. Baba Shaibu yana zaune yana ji. Aka kai ni kaso, na yi shekaru a ɗaure. Yunwa da ƙwarƙwata ba su dame ni kamar wannan ƙaryar ta biyu ba.

Da na fito, na tuba ga Allah, na hau mota zuwa Badagishiri. Na tarar da tsohon a garkar albasa, yana ban ruwa da ƙwarya, aikin da ya sayi mota don ya huta da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya ce, “Abu guda za ni tambaye ka. Ranar da na kama hannunka, ka sani?”

Na ce, “Na sani, Baba.”

Ya ce, “Haƙƙina na bar maka, don ubanka. Na Hamidu ba ni da ikonsa. Ga ɗiyansa can, in kana iyawa ka je ka gaya musu.”

Na dubi yaran suna jan guga a bakin rijiya. Ban iya zuwa ba. Sai da babbansu ya yi aure sannan na samu ƙarfin faɗa masa, ya saurare ni har ƙarshe, ya tashi ya shiga gida. Har yau bai ce mini komai ba.

Ku masu sana'ar mota, in ƙafa ta karkace ku gyara ƙarfen, kada ku rufe ta da iska. Ku masu saye, ku sa a auna iskar tayoyin daidai a gabanku kafin ku gwada tuƙi. Kuma duk ranar da wani ya kama hannunku ya tambaye ku tsakaninku da Allah, ku faɗa masa gaskiya a nan take, ko da cinikin zai lalace.