Gaisuwa Aka Yi Mini, Aka Rubuta Na Samu Sauƙi

Ko da tsufa zai cinye mini tunani har in manta hanyar gidanmu, wannan abu dai ba zai fita daga kaina ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau in na shaƙi warin asibiti sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Lokacin ina da cikin fari, ban daɗe da gama sakandare ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da garin Ƙofa, a ƙasar Bebeji. Maigidana manomin rani ne, can wajen Tiga yake wuni, saboda haka surukata ce take raka ni awo. Inna nake ce mata. Wata ranar awo muka tarar da baƙi a ƙaramin asibitinmu. Suka tara mu masu ciki a rumfa, suka ce gwajin wani sabon maganin ƙarin jini suka zo yi. Wasu za a ba su maganin, wasu kuma a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, kuma ko su kansu ba su san wa aka ba wanne ba. Wata mata a bayana ta ce, "To fa! Yau ga likitocin da ba su san abin da suke ba mutum ba." Ni kuwa, da yake ga 'yar boko, har na juya ina yi mata bayani, wai ai haka ilimin kimiyya yake. Allah sarki ni. Maigidana ya amince, na shiga.

Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen nan sun shirya. Sun auna tsawona, sun auna nauyina, sun ɗebi jinina, har yawan ɗakunan gidanmu sai da suka tambaya, kamar masu shirin raba gado. Aka kuma haɗa mu da wata ma'aikaciya da za ta riƙa bin mu gida-gida tana duba lafiyarmu. Sista muke ce mata. Bahaushiya ce, mai fara'a, kullum a gurguje, riƙe da wata 'yar kwamfutar hannu da take latsawa.

In ta zo sai Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ita ma ta nemi wuri ta zauna a gefe tana tsince wake, don ba a barin baƙo shi kaɗai da yarinya. Sista za ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage, sannan ta dubi kwamfutarta ta karanto tambayar farko.

"Yaya jiki?"

Ni kuma in ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi."

Sai ta latsa, ta miƙe, ta nufi gida na gaba.

Jama'a, ku gaya mini, tun da kuke a ƙasar Hausa, kun taɓa jin an ce wa mutum yaya jiki ya ce babu sauƙi? Kakana yana kan gargara, numfashi ɗaiɗai, aka ce masa yaya jiki, ya ɗaga yatsa ya ce da sauƙi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wannan ai gaisuwa ce, amsarta ɗaya. Amma a wurin masu ilimin da suka tsara aikin, ita ce babbar tambayar gano ko magani yana cutar da mutum. Daga baya na gane amsa uku ce a ƙarƙashinta a cikin kwamfutar: da sauƙi, yana nan yadda yake, ya tsananta. In ka ce ya tsananta, sai kwamfuta ta buɗe wasu tambayoyin: kai, ido, ƙafa, ciki. In ka ce da sauƙi, sai ta rufe bakinta, ta yi maka fatan alheri. Ina jin duk faɗin Bebeji da Kiru ba a taɓa samun mata masu ƙoshin lafiya irin namu ba. Kowane mako sauƙi muke samu a kan sauƙi.

Ni kuwa a lokacin ƙafafuna sun kumbura har silifa ta ƙi shiga. Zoben hannuna ya nutse a cikin nama. Kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki, in na miƙe sai in ga wasu ƙyalƙyali suna yawo a gabana. Na taɓa ɗan yi wa Inna tsegumi, ta ce, "Ciki ne, 'yar nan, kowa haka ta yi. Ki rage gishiri." Na'urar awon hawan jini ta asibitinmu kuwa ta daɗe tana hutawa, wai batir. Kuma cikin fari ne. Ina ni ina buɗe baki a gaban surukata in fara lissafa wa baƙuwa abin da ke damun cikina? Sai in ja hijabi in rufe ƙafafun, in sunkuyar da kai, ina jira Sista ta gama gaisuwa ta fara tambaya. Ashe ta gama tambayar kenan.

Zuwanta na ƙarshe, da ƙyar nake ganin fuskarta, ta rabu biyu a idona. Ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi. Har ta ce, "Kai, madalla, har kin yi ƙiba!" Kumburi ne fa take yabawa.

Washegari da hantsi ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, sai na ji hannuna na dama ya fara rawa shi kaɗai. Na so in kira Inna, harshena ya ƙi. Abin da na gani na ƙarshe shi ne rariya tana gangarawa. Sauran labarin ba ni aka yi. An ce jijjiga ta kama ni, na taune harshena, jini har wuyan rigata. An ce Inna, wadda ban taɓa ganin ta ɗaga murya ba, ta fita titi ba mayafi ta tare wata a-kori-kura mai ɗauke da albasa, aka kwantar da ni a kan buhuna. A hanya jijjigar ta sake kama ni. A babban asibiti aka yi mini aiki aka ciro yarinyar, watanninta ba su cika ba, 'yar mitsitsiya, ko kuka ba ta yi ba sai da aka sha fama.

Da na farfaɗo, abin da na fara yi shi ne lalubar cikina, na ji wayam. Ba wanda ya gaya mini komai, ni kuma harshe ya kumbura, ba halin tambaya. Wannan ɗan lokacin da na yi ina kallon silin ban san ko tana raye ba, shi ne yake dawo mini har yau. Sai da Inna ta matso ta ce, "Tana nan, tana cikin kwalba, ki kwantar da hankalinki," sannan hawaye suka zo.

Bayan kwana biyu sai ga babban likitan gwajin da kansa, Sista tana biye da shi, idonta ya yi ja. Ya tsaya a kaina, ga ɗinki a cikina, ga robar fitsari, ga ruwa ana ƙara mini. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Yaya jiki?"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Da sauƙi," ba.

Ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Amma me ya sa ba ki gaya mana kina ciwo ba? Duk zuwan da aka yi, sauƙi kika ce."

Inna ta ajiye kofin kunun da ke hannunta. Ta ce, "Likita, ai yanzu ma sauƙin ta ce maka. Sai ka sa a cire mata robobin nan mu tafi gida."

Ya sosa ƙeya. Shi ma fa Bahaushe ne, ya san zancen sarai. Sai ya shiga bayani: wai tambayar daga ƙasar waje aka rubuto ta, iri ɗaya ake yi a duk ƙasashen da ake gwajin, fassara ta kawai aka yi, kuma ba a sauya ko harafi sai kwamiti ya zauna ya amince. Inna ta ce, "Allah ya ba kwamitin lafiya." Na tambaye shi, da ɗan guntun harshena, ko maganin ne ya ja mini. Ya ce ba lallai ba ne, wannan ciwo yana kama masu cikin fari ko ba magani, amma za su bincika. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni dai abin da na sani, mutum yana zuwa gidana musamman don ya duba lafiyata, ya tarar da ni a bakin kabari, ya yaba ƙibata ya tafi.

Ban riƙe Sista a zuciya ba, abin da aka ba ta ta karanta. Ban kuma ce a daina gwada magani ba, don allurar da ta tsayar mini da jijjiga a asibiti ita ma a jikin wasu aka fara gwada ta. Yarinyata tana nan, har ta fara surutu. Ni ce dai ban koma daidai ba. Ko ciwon kai ya ɗan taɓa ni sai in zauna a ƙasa tun kafin in faɗi.

Abin da na koya shi ne, kafin a kawo mana sabon magani a gwada, a fara gwada tambayar a kan mutanen da za a yi wa ita. A zauna da matan ƙauye a ji yadda suke faɗin ciwo, da gaban wanda ba sa iya faɗa. A bar mutum ya gama gaisuwa, a ja shi gefe, a ce ina ke miki ciwo, a ɗaga hijabi a danna ƙafa. Mu ba mu iya kai ƙarar jikinmu ba, kunya da tarbiyya sun hana. Wanda ya zo da niyyar sanin gaskiyarmu, shi ne zai koyi yadda ake tono ta, tun muna da bakin amsawa.