Batirin Motar Hajiya

Ina shekara ta biyu da buɗe gareji a Karmo wata Hajiya, darakta a ma'aikatar tarayya, ta kawo mini motarta, irin masu tsadar nan da ke aiki da fetur da batir. Ta ce tana cikin tafiya sai motar ta rage gudu, jar fitila ta kama.

Na jona na'ura, ta nuna babban batirin yana zafi. Wayoyinsa masu ruwan lemo na ɗauke da wutar da ke kashe mutum, ni kuwa ban taɓa buɗe irinsa ba.

"Malam, za ka iya kuwa?" in ji Hajiya.

"In sha Allahu, ranki ya daɗe," na ce, na sa safar roba.

Na sunkuya zan cire kujerar baya, sai na ga sallaya a naɗe, an cusa ta daidai kafar da fankar batirin ke jan iska. Na zare ta, batirin ya huce, muka zaga da motar lafiya lau. Duk da haka, sai da Hajiya ta tafi na iya zama.