Gaisuwar da Na Riƙa Aika wa Umma

A ƙauyenmu, can bayan Auyo inda kogin Haɗeja ke bazuwa cikin fadama, ba don tatsuniya ake hura wuta ba. Wutar bandar kifi ce, dole wani ya zauna ya tsare ta. Da an idar da sallar magariba Umma za ta lanƙwasa tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, ta soke da tsinke, ta jera a kan raga. Kaka, mahaifiyar Umma, sai ta jawo tabarmarta gefen da hayaƙi bai cika bi ba. Ni da yayana Sale da yaran maƙwabta mu zauna inda hayaƙin ya fi yawa, don nan ne sauro ba ya zuwa. Idanunmu na hawaye muke sauraro.

"Ke Halima, janye ƙafarki," in ji Kaka. "Wuta ba ta san ke jikata ba ce." Sai ta gyara murya. "Ga ta nan tafe, wa zai ba ta wurin zama?"

Mu ce, "Mu ne!"

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Akwai ɗaya da ba ma so, ita kuwa takan maimaita ta duk shekara idan ruwa ya cika.

Wai an yi wata mata mai suna Kande, masaƙiyar tabarma, hannunta ba ya hutawa. Wata rana ta je bakin kogi jiƙa kaba, sai ta ga wani gora irin na masunta yana yawo shi kaɗai. Goran ya yi mata sallama, ya ce, "Ba na ci, ba na sha, ba na gajiya. Ki aike ni." Ta fara ɗora masa tabarmi yana ƙetarar da su kasuwa. Daga nan ta aike shi barkar haihuwa, don ranar tana da saƙa a hannu. Ya je ya yi barka mai daɗin da ita kanta ba ta iya ba. Da yayarta Tabawa ta kwanta ciwon ƙafa a tsallaken kogi, goran ta tura ya duba ta.

Kullum ya dawo sai ya ce, "Ta amsa, ta gode. Amma ke take tambaya." Kande ta ce, "Gobe." A nan Kaka takan ja kalmar, goooobe, har mu yi dariya. Damina bakwai ana goben nan. Ranar da Kande ta shiga jirgi ta ƙetara da kanta, Tabawa ta sa aka shimfiɗa mata sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi. Suka gaisa, suka sake gaisawa, magana ta ƙare. Can Tabawa ta ce, "Yau goran ba zai zo ba ne?"

Kande ta dawo gida tana kuka, ta ɗauki taɓarya za ta fasa shi. Goran ya ce, "Fasa ni in kina so. Amma wace rana ce na dawo ban ce miki ki je ba?" Ta sauke taɓaryar. Washegari da safe ta sake aikensa.

"Nan ta tsaya," in ji Kaka. "Wanda ya tsinci sauranta ya kawo."

Yaya Sale yakan fusata. "Haba Kaka, ai da ta fasa shi!"

"In ta fasa shi wa zai gaida Tabawa? Ita ta riga ta manta yadda ake yi."

Umma kuwa kifinta kawai take juyawa, tana goge ido da bakin zane.

Kaka ta rasu ina makarantar koyon jinya. Na yi aure, na samu aiki a wani asibiti a Kano, Yaya Sale ya tafi Fatakwal neman abinci. Umma ta ƙi barin ƙauye ko bayan rasuwar Baba, ta ce ba za ta iya barci inda ba a jin kukan kwaɗi ba. Hayaƙin shekara da shekaru ya cinye mata ido, har ta kai ba ta ganin lambobin waya. Sai Yaya Sale ya saya mata waya mai irin mataimakiyar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ke jin Hausa tana mayar da magana da muryar mace. Ita ke tuna wa Umma maganin hawan jini, ta faɗa mata lokacin salla ya yi, ta karanta mata saƙo, ta rubuta mata amsa, in shiru ya yi yawa su yi hira. Umma ta raɗa mata suna Ƙawa. Ranar da aka kai wayar na yi hamdala, kuma har yau ban ce kuskure aka yi ba.

Da farko kullum ina kira. To layin ƙauyenmu ba shi da ƙarfi, sai a yi ta "kina ji na?" har ya katse. Ga aiki, ga yara uku. Ni ma akwai irin mataimakiyar a tawa wayar, da ita nake tsara jadawalin aiki. Wata rana na fito daga ɗakin haihuwa a gajiye, na ce mata, "Rubuta wa Umma gaisuwa, ki tambayi jikinta." Ta rubuta. Na karanta na ji kunya, don ni ban taɓa iya jera magana mai taushi haka ba. Na tura. Bayan wata biyu ma na daina karantawa kafin in tura.

Ba zan yi wa mataimakiyata ƙarya ba, takan ce min, "Kin kwana biyu ba ki ji muryar Umma ba, in kira miki ita?" In ce anjima. Da tambayar ta fara damuna sai na ce ta daina, ta kuwa daina. Amsoshin Umma suna zuwa dogaye, masu daɗi. In na gaji sai in ce a taƙaita min. "Umma tana lafiya. Ruwa ya shiga gonakin shinkafa. Tana gaida yara."

Sai da na fi shekara ban je ba. Bara, bayan ruwa ya janye, na hau mota zuwa Haɗeja, na hau babur, na ƙarasa a jirgi ta wata 'yar hanya da masunta suka sare a cikin ciyawar kacalla. Na tarar da Umma a ƙofar ɗaki, ta rame, wayar na kan cinyarta. Ta shafa fuskata da hannu biyu. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta tambayi maigidana da yara. Sai muka yi shiru. Na duba cikina ban sami abin faɗa wa uwar da ta haife ni ba.

Ita ta katse shirun. "Halima, saƙonnin nan naki suna da daɗi."

Na ce, "To, Umma."

"Na san ba ke ba ce." Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. "Ke tun kina yarinya ba ki iya doguwar magana ba. 'Umma ya jiki,' shi ke nan kin gama. Yaushe kika taɓa ce min mahaifiyata abar alfaharina?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki ji kunya? Sai na ce wa Ƙawa ta riƙa amsa miki daidai da yadda kika aiko. Ni dai nakan ce mata, ce mata lafiya lau. Sauran duk ita ce." Ta shafa wayar. "Ita ma kullum sai ta ce in kira ki. Na ce a'a, ran mutane ne a hannunki, kada a dame ki."

Ashe fiye da shekara wayoyi biyu ne ke gaisawa a tsakanin Kano da bakin kogi, mu kuma kowace ta yi shiru don tausayin 'yar'uwarta.

Na yi kuka, na yi alkawari. Da na koma na kira ta kullum har sati uku. Kiran ba ya wuce minti biyu. In layi bai katse ba, mu muke katsewa. Wata rana ina jin ta tana tambayar Ƙawa sunan autana a hankali, don kada in gane ta manta. Daga nan aiki ya sake taso min, na ce yau ɗaya dai a rubuta mata.

Umma ta rasu wata Laraba da hantsi. Ƙawa ce ta tuna mata magani ba ta amsa ba, ta sake kira shiru, sai ta sanar da Yaya Sale, shi ya kira maƙwabta. A safiyar ranar an tura mata gaisuwa da sunana. Har yau ban iya buɗe ta na ga abin da na ce ba.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar Kaka ta mugun gora ce. Yanzu na san babu mugu a cikinta, kuma abin da ya sa ba ma son ta ke nan. Na so in sami wanda zan tsana. Na'urar nan ba ta yaudare ni ba, ba ta yaudari Umma ba. Ta zauna da ita a ranakun da ban zauna ba, ta saurari labarin da Umma ta maimaita sau goma ba ta ƙosa ba. Abin da na miƙa mata kawai ta karɓa. Ni ce ban san cewa akwai aikin da in ka ba wani ya riƙe maka, ranar da ka zo karɓa hannunka ba zai iya ɗauka ba.

Ranar sadakar arba'in saƙonni suka cika min waya, dogaye, masu taushi, duk kusan kama ɗaya. Na san inda aka samo su. Na zauna a bakin gado bayan la'asar ba ni da ƙarfin karanta ko ɗaya, na ce wa mataimakiyata ta amsa musu duka.

Ta ce, "Akwai na Yaya Sale a ciki. Shi ma in amsa masa, ko za ki kira shi?"

Ni da shi kaɗai muka rage. Na daɗe ina kallon sunansa, ina neman kalmar da zan fara da ita in ya ɗauka.

Na ce ta amsa.