Ranar da Mahaukacin Silima Ya Warke

Jiya autata ta nuna mini fim ɗin ban tsoro a salula: mutum yana haukacewa, bango yana masa magana, jinin ma ruwan tumatir ne.

Sai na tuna silimar Damagaram, shekarar 'yancin kai. Mai haskawa ya rikita faya-fayan, ya fara da na ƙarshe. Muka ga wani Nasara mahaukaci ya warke har ya yi aure.

Yayana Ila ya zungure ni: "Kai mai lakwal aji uku, me Nasaran ya sha?"

Na ce, "Rubutu, Yaya." Duk bencinmu suka yarda.

Daga baya Ila ya taɓu. Na ba shi rubutu har na gaji, bai dawo ba. Nasa fim ɗin a jere aka haska.

Ku fa, wa kuke kewa yau?