Na Raka Inna Tashar Jirgin Taura

Mun tashi da asuba daga Dutse, ana idar da salla, ni da mahaifiyata. Tafiyar tata ce, ni ɗan rakiya ne kawai. Labari ya iske ta cewa ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suka yi talla tare a tashar jirgin ƙasa ta Taura, tsufa ya kwantar da ita, har ta daina gane mutane. Tun ranar Inna ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Rabonsu da juna tun kafin a haife ni.

Tsohuwar fijo muka samu, ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta. Saboda wahalar mai direba ya ninka kuɗin mota, yana ta rantsuwa wai shi ma taimako yake yi. Daga Kiyawa zuwa Jahun hanya ba laifi, gero ya fid da kai dama da hagu. Bayan Jahun ne ramuka suka fara yi mana sannu da zuwa. Inna, da yake a ruga ta tashi, shanu kawai take kallo, duk garken da muka wuce sai ta yaba makiyayinsa ko ta kushe shi. A Gujungu muka canja mota. Na saya mata soyayyen kifi da gurasa, ta ƙulle a gefen mayafi ta ce na ƙawarta ne.

Da hantsi muka isa. Tashar ɗan gini ce mai rufin kwano, darbejiya ta yi mata inuwa, awaki kwance a kan dogo ba abin da ya dame su. Tsohon siton gyaɗa yana gefe, ba ƙyaure. Ga mai shayi, ga mai facin keke, ga wasu mata zaune kan buhunansu. Dattijon da ke kula da tashar ya ce ana sa ran jirgin Nguru yau, amma jirgin yanzu sai an gan shi.

Inna ta nuna mini gindin bishiyar da take sauke ƙwaryar fura da nono. Ƙawar tata dafaffen ƙwai take sayarwa. Ubanta leburan reluwe ne, Babarbare daga wajen Haɗeja, don haka kullum cikin tsokanar juna suke, kowacce na cewa ɗayar baiwarta ce.

Gidan ƙawar tata yana bayan tasha. Matar ɗanta ce ta tarbe mu, ta ce in shigo, ai ni ɗa ne. Muka tarar da tsohuwar a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Inna ta gaishe ta, ta faɗi sunanta, ta faɗi sunan rugarsu. Tsohuwa ta amsa da fara'a, sannan ta tambayi baƙuwa daga ina take. Inna ta kwance kifin nan, tana cire ƙaya tana ba ta a baki, tana goge ido da bayan hannu. Na fita waje don na kasa kallo.

Bayan azahar na koma na ce mu kama hanya kada mu rasa mota. Inna ta fara laluben takalmi ke nan sai muka jiyo kukan jirgi daga gabas. Tsohuwar ta ɗaga kai, ta damƙi hannun Inna.

"Ke 'yar Fillo, me kike jira? Ɗauko ƙwaryarki, kada a riga mu."

Inna ta dube ta. "To baiwata, tashi mu je."

Muka tallafe ta har ƙofar gida. Jirgin ya shigo a hankali da 'yan taragunsa, tashar da ke barci ta farka. Masu talla suka bi tagogi da farantai, matan nan suka cicciɓi buhuna, dattijon tasha ya fito da tutarsa har da gyara hula. Tsofaffin biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna dariya, tsohuwar tana faɗa wa Inna wai nononta ruwa ya yi yawa, Inna tana rama mata da cewa ƙwanta na shekaranjiya ne.

Jirgin bai daɗe ba ya wuce Kano. Da ƙararsa ta ɓace, tsohuwar ta sake tambayar surukarta wace ce wannan baƙuwar. Amma ba ta saki hannun Inna ba.

Inna ta juyo gare ni. "Ɗan nan, kama hanya. Ni zan kwana biyu."

Na ce ba ta zo da kayan sawa ba, ta ce ƙawarta ba ta rasa zani. Na ce, "Ai ba ta san ko ke wace ce ba." Ta ce, "Ni na san ta."

Ni kaɗai na dawo, ana kiran magariba na shiga Dutse. Na tafi ina ganin ziyarar wanda ba zai gane ka ba wahala ce kawai. Na dawo na san ba don a gane ka ake zumunci ba. Da matata ta tambaye ni ina Inna, na ce mata tana wurin 'yar'uwarta.