Mitar Baffa a Jikin Ƙusa

Jiya ban kai Kademi ba ƙaurin waya ya cika min mota, kiɗa ya ɗauke. Amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta ƙone ƙurmus. Ina tsaye a gefen titi ina huci, marigayi Baffa ya faɗo min a rai.

Ƙanin mahaifina ne, mai gyaran rediyo a Gaya. Bai taɓa ɗaura wa sifika waya ba sai ya auna ta da mita. Na taɓa kai masa wufa biyu, manyan sifikun nan masu rugugi, ina so motata ta riƙa jijjiga har Toranke. Rumfarsa tana warin dalma, tabarau a karan hancinsa. Ya auna, ya ce, "Kowacce om huɗu ce. In aka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma biyu, amfilifayarka kuwa ba ta jure ƙasa da huɗu. In om ya ragu, nauyin wuta ƙaruwa yake a kanta. Ɗaya zan sa maka." Na yi ta musu. Ya ce, "To je ka nemi wanda ba ya tausayin ƙarfe."

Shekaranjiya na same shi, sakaran da ya gaji rumfar. Ya feƙe wayoyin wufa biyun da haƙori, ya murɗe su tare, wai, "Alhaji, ai za ta ɗauka." Mitar Baffa na rataye a ƙusa saman kansa, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Na gan ta da idona, ban ce ya auna ba. Haushin kaina ya fi nasa ci na.

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya sassauta maka ranar awo, kai da ba ka taɓa ɗora wa komai abin da ya fi ƙarfinsa ba.